RUWA MAGANI NE, AMMA DA MA'AUNI: Yadda Ake Tsaron Ruwan Jikin Majiyyaci A Lokacin Fiɗar Ciwon Dajin Hanji

A Kasuwan Garba, cikin Ƙaramar Hukumar Mariga ta masarautar Kontagora a Jihar Neja, kamar dai yadda yake a sauran garuruwan ƙasar Hausa, in an dawo da majiyyaci daga asibiti, tambayar da 'yan dubiya sukan fara yi ita ce: "An yi masa ƙarin ruwa? Leda nawa ya sha?" In aka ce leda shida, sai hankalin kowa ya kwanta, a ce lalle likitoci sun yi ƙoƙari. In kuwa aka ce biyu kacal, sai a shiga gunaguni, har wasu su ce an yi wa mutum rowa ne don an ga talaka ne.

Wannan zato ya saɓa wa abin da likitoci suka gano bayan bincike na shekaru masu yawa. Ruwan nan da ake ratayewa a gefen gado magani ne kamar kowane magani, yana da ma'auninsa. In ya gaza ya cutar, in ya zarce ma ya cutar. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a wajen fiɗar ciwon dajin hanji, inda akan sa mutum barci na awa 3 ko 4, a buɗe cikinsa, a yanke ɓangaren hanjin da ya kamu, sa'an nan a haɗa bakunan da suka rage a ɗinke. A tsawon wannan lokaci majiyyaci ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa, ba ya kuma iya cewa ruwa ya ishe shi. Wani ne yake tsaye a wajen kansa yana yi masa wannan lissafi, kuma rayuwarsa ta rataya ga daidaiton lissafin kamar yadda ta rataya ga wuƙar likitan fiɗa.

CIWON DA AKAN ƊAUKA BASIR NE

Ciwon dajin babban hanji shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 fiye da mutum miliyan 1.9 suka kamu da shi, fiye da 930,000 kuma suka rasu. A da ana ganin cuta ce ta Turawa. Shahararren likitan nan Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar Yuganda, ya yi rubutu a 1971 yana danganta ƙarancinta a ƙauyukan Afirka da irin abincin mutane mai yawan dusa da ganye. Amma yanzu likitocin fiɗa a Nijeriya suna ganinta a kai a kai, kuma abin da ya fi damunsu shi ne yawancin masu ita ba su isa asibiti sai ta yi nisa.

Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne. Alamun farko su ne ganin jini a bayan gida, da sauyawar yadda mutum ya saba zagawa, yau gudawa gobe taurin ciki, da rama, da kasala. Duk wanda ya ga waɗannan a karkara sai ya ce basir ne ko atini, ya nufi mai maganin gargajiya ranar kasuwa, ya yi wata da watanni yana shan jiƙo da sassaƙe. Hausawa dai sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin a farga ƙarin ya girma ya toshe hanji, ciki ya kumbura, amai ya tsananta. A lokacin ne za a ɗauki mutum a nufi Babban Asibitin Kontagora, daga nan kuma ana iya tura shi gaba, ko Minna, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

DA RUWAN CIKI AKAN JA NA RIJIYA

Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi namiji ruwa ne. Wato manomi mai nauyin kilo 60 yana ɗauke da ruwa wajen lita 36 a jikinsa, jinin da ke yawo a jijiyoyinsa kuwa bai wuce lita 4 zuwa 5 ba. Hanji shi ne babbar mahadar wannan ruwa. A kowace rana kusan lita 9 ke ratsawa ta cikinsa: wajen lita 2 daga abinci da abin sha, saura kuwa miyau ne da ruwan tumbi da na ɗaci da sauran ruwan da jiki ke zubowa don narka abinci. Hanji mai lafiya yakan tsotse kusan dukansa ya mayar cikin jini, abin da ke fita da bayan gida bai fi cikin ƙaramin kofi ba.

To, in ƙari ya toshe hanya, wannan tsari ya rushe. Ruwa ya taru a bayan toshiyar kamar kogin da aka datse, wani ya fita ta amai, wani ya tsaya cikin hanjin da ya kumbura, inda ba ya amfanar da jiki da kome. Sai a ga mutum da ƙaton ciki cike da ruwa, alhali jijiyoyinsa sun bushe, harshensa ya ƙafe, idanunsa sun zurma. A haɗa da wannan zafin bazara na watannin Maris da Afrilu, da doguwar tafiya cikin mota, da kwanakin da ya yi bai ci bai sha ba, da jinin da ya daɗe yana tsiyaya kaɗan-kaɗan. Majiyyacin da ya taso daga Kasuwan Garba cikin wannan hali yakan iso ƙofar ɗakin tiyata da bashin ruwa mai yawa a kansa.

Saboda haka ne likitoci ba su gaggauta shiga da irin wannan majiyyaci nan take, ko da dangi suna ganin ana ɓata lokaci. Sai an sa masa roba ta hanci an zuƙe abin da ya taru a tumbi, an ɗaura ruwa, an sa robar fitsari, an auna gishirin jininsa da aikin ƙodarsa, in ta kama a ƙara masa jini. Awannin nan na shiri suna cikin aikin, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya.

ABIN DA BARCIN TIYATA KE YI WA JIKI

Tun ranar 16 ga Oktoba, 1846, da William Morton ya nuna wa likitoci a birnin Boston na Amurka cewa ana iya sa mutum barci a yi masa aiki ba tare da ya ji zafi ba, fiɗa ta sami babban ci gaba. Amma maganin barci yana da nasa sharaɗi. Jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci yakan kare kansa ta hanyar tsuke jijiyoyin jini da hanzarta bugun zuciya, don jini ya ci gaba da isa ƙwaƙwalwa. Yawancin magungunan barci kuwa suna saki jijiyoyin nan ne su buɗe. Da zarar sun buɗe, ɗan jinin da ke ciki ya kasa cika su, sai ƙarfin bugun jini ya faɗi warwas cikin 'yan mintoci. Shi ya sa lokacin da aka fara sa barci yana cikin lokutan da suka fi haɗari ga wanda ya zo a bushe.

Bayan an buɗe ciki kuma asara ta ci gaba. Jini na zuba, danshi na tashi daga hanjin da ke fili, fitsari na fita. In aka bar ruwa ya gaza, jiki zai janye jini daga ƙoda da hanji ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Ƙoda ta sami rauni, wurin ɗinkin hanji kuma ya rasa jinin da zai warkar da shi. In kuwa aka yi ta ɗura ruwa ba lissafi, sai ya tsattsafo daga jijiyoyi ya shiga nama. Bangon hanji ya kumbura ya yi laushi, ɗinki ya kasa riƙewa, hanjin ya daɗe bai farfaɗo da motsinsa ba, huhu kuma ya jiƙe numfashi ya yi wuya. Ta kowace fuska abin tsoron ɗaya ne: ɗinki ya saki, ƙazanta ta zube cikin ciki. Duk manomin rani ya san wannan ka'ida a gonarsa, shukar da aka hana ruwa takan ƙone, wadda ruwa ya kwanta mata kuma saiwarta takan ruɓe.

GARDAMAR DA LIKITOCI SUKA DAƊE SUNA YI

Sa ruwan gishiri ta jijiya ya samo asali ne a 1832, lokacin da likita Thomas Latta na garin Leith a Sikotland ya gwada shi a kan masu kwalara. Shekara 100 bayan haka, a 1932, wani likitan yara a Amurka mai suna Alexis Hartmann ya gyara haɗin ruwan ya kusanci na jini, kuma har yau ana amfani da ruwan da ke ɗauke da sunansa a ɗakunan tiyata. Ruwan gishirin da aka fi sani kuwa yana ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita, wanda ya zarce abin da ake shawartar mutum ya ci a yini guda. Wanda aka ɗura wa leda shida, an ɗora wa ƙodarsa aikin fitar da gishirin kwanaki.

A 1961 likitan fiɗa Tom Shires na Amurka ya kawo ra'ayin cewa a lokacin babban aiki wani ruwa yakan ɓuya a cikin jiki inda ba a ganinsa, don haka sai a riƙa bayar da ruwa mai yawa don cike gurbin. Wannan ra'ayi ya yi shekaru yana tashe, har ya zama ba abin mamaki ba ne majiyyaci ya ƙara kilo 3 zuwa 6 bayan aiki, duk na ruwa. Sai a 2003 likita Birgitte Brandstrup da abokan aikinta a ƙasar Denmak suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a kan mutum 172 da aka yanke wa babban hanji. Waɗanda aka ba ruwa daidai da abin da suka rasa, kashi 33 cikin 100 ne suka sami matsala bayan aiki. Waɗanda aka ba yadda aka saba kuwa, kashi 51. Daga nan sai akalar ta juya, asibitoci da dama suka koma tsuke hannu.

Amma magana ba ta ƙare a nan ba. A 2018 wani babban gwaji ƙarƙashin jagorancin Farfesa Paul Myles na birnin Melbon a Ostireliya, wanda ya ƙunshi mutum 3,000 da aka yi wa babbar fiɗar ciki, ya kwatanta waɗanda suka sami kimanin lita 3.7 da waɗanda suka sami kimanin lita 6.1, daga fara aiki zuwa awa 24 bayansa. Sai aka ga raunin ƙoda ya sami kashi 8.6 cikin 100 na waɗanda aka tsuke wa hannu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 5 ne kawai. Darasin da aka ɗauka shi ne a tsaya tsaka-tsaki, kuma babu adadi guda da zai dace da kowa. Kowane majiyyaci sai an auna shi, an sake aunawa, tun daga farkon aiki har ƙarshensa.

IDON MAI SA BARCI

Wannan awo aikin mai sa barci ne, ko likita ne ko ƙwararren ma'aikacin jinya da ya sami horo na musamman. A yawancin manyan asibitocin gwamnatin jiha a Arewa ma'aikatan jinyan nan ne ke riƙe da wannan nauyi, domin binciken da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta fitar a 2017 ya nuna cewa Nijeriya ba ta kai likita 1 ga kowane mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyar tana ganin ya kamata a sami aƙalla 5.

Kayan aikinsa na farko masu sauƙi ne. Yana auna bugun zuciya da ƙarfin bugun jini aƙalla kowane minti 5 yana rubutawa. Yana danna farcen majiyyaci ya ga ko launinsa ya dawo cikin daƙiƙa 2 ko 3, yana taɓa hannu ya ji ko ya yi sanyi. Yana da ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a yatsa mai nuna yawan iskar numfashi a cikin jini. Yana duba kwalbar da ake zuƙe jini a ciki, yana kuma ƙirga tsummokan da suka jiƙe. In aka ɗora su a sikeli, kowane giram da ya ƙaru daidai yake da kusan mililita 1 na jini. Takardar kiyaye lafiyar masu tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi cewa tun kafin a sa barci a tambaya ko ana tsammanin asarar jini za ta wuce mililita 500, don a tanadi jini da babbar hanyar jijiya.

Sai kuma ledar fitsari, wadda ita ce tagar da ake leƙen ƙoda ta ciki. Abin da aka saba nema shi ne rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a awa guda, wato mai kilo 60 ya fitar da wajen mililita 30.

Gwanintar aikin tana wajen sanin cewa kowace ɗaya daga cikin alamun nan tana iya yaudara. Ƙaƙƙarfan manomi yana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin ƙarfin bugun jininsa ya faɗi, saboda haka wanda ya zauna jiran wannan alama ya makara. Zuciya tana iya yin sauri don zafin wuƙa ko zazzaɓi, ba don ƙarancin ruwa ba. Fitsari kuma yakan ragu a lokacin fiɗa ko da ruwa ya wadata, domin jiki kan saki wani sinadari da ke umurtar ƙoda ta riƙe ruwa a lokacin wahala. Wani lokaci ma ruwa ya isa, jijiyoyi ne suka saki, abin da ake bukata shi ne allurar da za ta tsuke su. Don haka mai sa barci yakan haɗa alamun duka ne ya karanta su tare, ya kuma lura da inda suka dosa.

A asibitocin da ke da hali akwai na'urori da ke taimakawa. Akwai siririyar roba da ake zurawa ta maƙoshi har bayan zuciya, tana auna yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu. Hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila ta ba da shawarar amfani da ita a 2011. Da ita akan yi gwaji mai sauƙin fahimta: a ba majiyyaci ruwa mililita 250 cikin 'yan mintoci, in abin da zuciya ke turawa ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 to jiki na bukata, a ƙara; in bai ƙaru ba, a dakata. Akwai kuma na'urar da ke lura da yadda bugun jini ke hawa da sauka tare da numfashin injin da ke hura huhu, domin wannan hawa da sauka yakan yi yawa in jijiyoyi ba su cika ba. Ana iya amfani da na'urar hoton ciki a dubi babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, a ga ko a cike take ko a lanƙwashe. Inda babu waɗannan, hikimar gwajin nan tana nan: a ba da kaɗan, a duba, sa'an nan a yanke shawara.

BAYAN AN FITO DAGA ƊAKI

Dangi kan yi hamdala da zarar an turo majiyyaci daga ɗakin tiyata, amma tsaro bai ƙare ba. Wani bincike da aka buga a 2018 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu, wanda ya bi diddigin majiyyata 11,422 a ƙasashen Afirka 25 har da Nijeriya, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan aikin da aka tsara ya ninka na matsakaicin duniya sau 2, duk da cewa majiyyatan Afirka sun fi ƙuruciya. Mafi yawan mutuwar kuma a kwanakin da suka biyo bayan aiki take faruwa, a ɗakin kwanciya, inda ma'aikata suka yi ƙaranci har majiyyaci ya fara lalacewa ba a lura ba.

A nan takardar lissafin ruwa da ke rataye a ƙafar gado take da muhimmanci. A cikinta ake rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita: ruwan leda, abin sha, fitsari, amai, da abin da ke fita ta robar ciki ko ta ledar hanji ga wanda aka fitar wa hanji ta gefen ciki. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka sikeli ma yana ba da labari. Tsarin gaggauta farfaɗowa da likitan fiɗa Henrik Kehlet na Denmak ya assasa a shekarun 1990 ya koyar da cewa a bar majiyyaci ya fara kurɓar ruwa da wuri, a tashe shi ya taka, a cire leda da zarar baki ya iya ɗauka. Haka kuma an bar tsohuwar al'adar hana ruwa tun tsakar dare: ga wanda hanjinsa bai toshe ba, akan tsayar da abinci awa 6 kafin aiki, tsabtataccen ruwa kuwa awa 2. Wanda hanjinsa ya toshe hukuncinsa daban ne, sai abin da likita ya ce.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A DA HUKUMA

Masu jinya suna da rawar takawa. Kada a zubar da fitsarin leda ko amai kafin ma'aikaci ya auna ya rubuta. Kada a taɓa makunnin robar ruwa don a ga ya yi sauri ya ƙare. Kada a ba majiyyaci kunu ko jiƙo a ɓoye don tausayi, kuma in an ba shi wani abu a faɗa. In aka ga ledar fitsari ta yi awanni ba ta ƙaru ba, ko numfashi ya yi sauri, ko ƙafafu da fuska sun kumbura, ko hankali ya fara gushewa, a kira ma'aikaci nan da nan ko da tsakar dare ne. Kuma a daina matsa wa ma'aikata da neman a ƙara leda.

Hukumomin lafiya na Jihar Neja da na tarayya kuwa, abin da ake bukata daga gare su bai fi ƙarfinsu ba: horar da ƙarin masu sa barci da riƙe su a asibitocin da ke nesa da Minna, wadata kowane ɗakin tiyata da na'urar yatsa da ma'aunin bugun jini masu aiki, ɗakin gwaji da zai iya auna gishirin jini da aikin ƙoda dare da rana, ma'ajiyar jini mai wutar lantarki, da isassun ma'aikatan jinya a ɗakin kwanciya.

Mafi girman taimako dai yana hannun mutumin Kasuwan Garba da kansa. Wanda ya zo asibiti da ƙafarsa, hanjinsa bai toshe ba, jikinsa da ruwa da jini, lissafinsa mai sauƙi ne, kuma ciwon dajin hanji da aka kama da wuri ana warkewa daga gare shi. Saboda haka duk wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko cikinsa ya sauya hali na makonni, musamman in ya haura shekara 40, ya je likita ya duba shi kafin ya yanke wa kansa hukuncin basir. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma taimaki masu kula da su.